Amarcin Bahar Maliya

Mastura na durƙushe a tsakiyar ɗaki tana cusa kaya a akwati, baki ya ƙi rufuwa don murna. Tun da aka kawo ta wannan gida na unguwar Hindawiyya a Jidda daga unguwarsu ta Khumra, ba su taɓa samun wuni guda ita da angonta Nawaf su kaɗai ba. Surukarta Hajiya Latifatu na hawan ƙasa, su suna sama, ga baƙin Umra da kullum ake shimfiɗa wa katifa har bakin ƙofarsu.

Nawaf ya shigo da kayan aikinsa na gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ya tsaya yana kallonta yana murmushi.

"Ya arusa, amaryata, duk wannan kaya? Jirgin ai sai ya nutse!"

"Kai dai sake faɗa mini inda za mu, habibi."

Ya sake lissafo mata, don shi ma daɗin faɗar yake ji. Jirgin ruwa ne na shaƙatawa, hawa-hawa kamar otal, zai tashi daga tashar Jidda ya yi arewa, ya tsaya Yanbu, ya ratsa tsibirai masu farin yashi, sannan ya juyo gida.

"Hajiya ta sani?"

Ya sosa ƙeya. "Na ce mata za mu Yanbu. Halas, shi ke nan."

Bai rufe baki ba sai ga takun Hajiya a matakala, ita da ciwon gwiwa ya hana hawa sama tun bara. Ashe ƙanwarsa Abir, wadda magana ba ta kwana a cikinta, ta riga ta kai rahoto.

"Ta ruwa za ku? Ta teku?" in ji Hajiya. "Nawaf, in ƙafarka ta taka jirgin nan ban yafe maka ba! Ke kuma, na san ke kika kitsa masa. In teku kike so, tattara ki koma gidanku, can sai su kai ki!"

Ta juya ta sauka tana dafa bango. Mastura ta faɗa kan akwatin ta fashe da kuka, don ba ta taɓa jin kalma mai zafi daga bakin matar nan ba. Nawaf kuwa idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Wallahi sai mun tafi! In ta kama mu bar gidan nan, mu bar shi!"

Ta ɗago da sauri. "La, habibi! Ni ba zan shiga jirgin da mahaifiyarka ke kuka a bayansa ba. Kuma ba zan raba ka da ita ba, ko da aurena ne zai tafi."

Ta kwashe kayan ta mayar cikin kabad tana share hawaye. Daga ranar gidan ya yi tsit. In ta gaida Hajiya, sai ta kau da kai. In ta kai abinci, Abir ta dawo da shi ko buɗewa ba a yi ba. Abin na ci mata rai ƙwarai, amma ba ta fasa gaisuwar ba, ba ta kuma fasa girkin ba.

Wata rana bayan la'asar ta ji Hajiya na nishi. Ta ɗauki man zafi ta shiga, ta zauna a ƙasa ta kama gwiwar tana murzawa. Hajiya ba ta janye ƙafar ba. Can ta nisa.

"Ba ki tambaye ni dalili ba."

"Ke uwa ce, Hajiya. Na san ba banza ba."

Sai tsohuwar ta fara magana, idonta a bango. Tana yarinya ƙarama iyayenta suka taso daga ƙasar Katsina da niyyar Hajji, suna tafe suna ƙwadago a gonakin audugar Sudan, har suka samu na shiga jirgin katako a tashar ruwa ta Sawakin. A tsakiyar ruwa zazzaɓi ya ɗauke mahaifiyarta.

"A zanenta aka naɗe ta, aka yi mata salla, aka sake ta cikin ruwa. Ina riƙe da bakin zanen sai da aka ɓanɓare yatsuna. Na tsufa a Jidda, amma ko bakin teku ban taɓa zuwa ba. Sauran mata ko daga bayan katangar maƙabarta sukan tsaya su yi wa nasu addu'a. Ni ko katangar ba ni da ita."

Hawayen Mastura na ɗiga kan gwiwar. Sai ta yi ƙarfin hali.

"Hajiya, ki zo mu kai ki wurinta."

"Ke yarinya! Jirginku arewa zai yi, ita kuwa tana hanyar Sawakin."

"Ai ruwan ɗaya ne, Hajiya."

Da labari ya isa kunnen Nawaf sai ya riƙe kai. "Amarci da uwata a gefe? Ya Allah!" Amma dariya yake, har da ƙwalla. Ya tafi aka ɗaga musu ranar tafiya, ya karɓo wa Hajiya nata ɗakin.

Ranar tashi Hajiya ta yi guzuri irin na jirgin da ta sani: yaji, kuka, busasshiyar kuɓewa, buta, har da ɗan risho. Ma'aikatan tasha suka karɓe rishon cikin ladabi, ta bi su da harara tana cewa za su gani in yunwa ta zo. A kan gadar shiga jirgi Nawaf ya miƙo mata hannu, ta ture shi ta damƙe na Mastura.

Wunin farko ko labulen taga ba ta yarda an ɗaga ba. Washegari da hantsi, jirgi na dosar Yanbu, ta ce a fita da ita. Ta kama ƙarfen gefen jirgin da hannu biyu, ta daɗe tana kallon shuɗin ruwan, leɓɓanta na motsi da addu'a. Daga baya ta ɗaga murya kaɗan.

"Inna, Latifatu ce. Na makara. Ga jikanki nan, ga kuma 'yata da ta kawo ni."

Mastura ta kifa kai a kafaɗar mijinta ta yi kukan da ya fi kowane daɗi a rayuwarta.

Da aka iso wani tsibiri, ƙananan jirage suka fara kwasar mutane zuwa gaɓa. Mastura ta ce su zauna da Hajiya kada a bar ta ita kaɗai. Hajiya ta gyara zama a kujerarta, ta ja carbi.

"Wa ya ce miki ni kaɗai ce? Yalla, ku tafi ku yi amarcinku. Ni ina nan wurin Innata, hirarmu da yawa."

Suka sauka hannu cikin hannu, Nawaf na raɗa mata abin da ba namu ba ne mu ji.

'Yan'uwana mata, sau da yawa faɗan babba tsohon ciwo ne da bai samu mai tambaya ba. Da Mastura ta biye wa zuciya ta ja mijinta sun tafi, da ta ga tsibiri ta rasa uwa. Ta yi haƙuri, Allah ya haɗa mata duka biyun.