Tsohon da ke Share wa Jirgi Hanya

Wai a can da, akwai wata 'yar tasha a bakin teku, da wani tsoho mai share layin dogo. Kullum iska ta lulluɓe ƙarfen da yashi, kullum ya share. Shekara bakwai ba jirgi, kifin masunta yana ta ruɓewa.

Masunta suka ce, "Baba, ƙaguwa kake share wa hanya?"

Ya ce, "Ita ma baiwar Allah ce."

Wata safiya sai ga jirgi ya ɓullo a hankali kamar a mafarki. Direba ya ce, "An ce mini yashi ya binne tasharku, ashe hanya a share take. Ku kawo kifin!"

Washegari masunta suka fito, kowa da tsintsiya. Tsoho ya miƙe ƙafa a inuwar kwakwa yana cewa, "Kai, ga yashi can ka bari, koma ka share!"