Awon Rigar Nhia

Gaonou ta ɗauke kwanon faten shinkafa kusan yadda ta kawo shi. Cokali biyu mijinta Nhia ya sha, ya amayar. Tun bazara yake ramewa, har hoton da aka yi masa a wani asibiti a birnin St. Paul na Amurka ya nuna ƙullutu a bangon tumbinsa. Likita ta ce hoto ba ya faɗin ko wane iri ne, sai an zura siririn bututu ta maƙogwaro a tsakuro ɗan nama da allura.

Mahaifiyarsa ta ce atafau. A al'adarsu, mutum da jikinsa cif yake komawa wurin kakanni, wanda aka gutsura kuwa da nakasa zai sake zuwa duniya. Dattawan dangi suka taru a falo, aka yanka kaji, aka ɗaura masa farin zare a hannu, kowa ya goyi bayan tsohuwar. Gaonou suruka ce, nata zuba abinci, ba tsoma baki ba.

A ɗaki ta roƙe shi, "Haba baban Yer, sa hannunka kaɗai fa ya isa."

"Uwar da ta ratso kogi da ni a goye lokacin gudun hijira zan kunyata a gaban dangi? Ki yi haƙuri."

Yayarta ta ce ta yi yaji kawai. Ta ƙi, sai dai ta shiga mota ta yi kukanta ta goge ido.

Da jikin ya ƙara tsanani, tsohuwar ta ce a auna shi, don rigar binnewa da hannu ake ɗinka ta. Gaonou ta ɗauko tef ɗin awo, sai tsohuwar ta karɓe shi ta zagaya ƙugunsa. Ta duba, ta sake aunawa.

"Ina sauran ɗana?"

Gaonou ta durƙusa. "Mama, abin nan ne ke cinye shi. Allura kamar ƙwayar shinkafa kawai za ta ɗauka, shi kuwa duka yake so."

Tsohuwar da kanta ta kira dattawa ta warware maganarta.

Aka tsakuro naman, sakamako ya nuna wani ƙari ne da ba kasafai ake gani ba, amma akwai ƙwayoyin magani da ke rage shi. Nhia ya tashi, ko da yake jinkirin ya ci rabin tumbinsa. A bakin gado tsohuwar ta ce, "Ke ma 'yata, da kin yi magana tun farko." Gaonou ta gyara wa mijinta bargo.

Haƙuri ya riƙe mata miji da gida. Sai dai mai tsoron rasa kaɗan, da yawa yake rasawa.