Fartanyar da Aka Wanke

Da hantsi aka tsamo gawar Bisada daga magudana, shi ne mai gadin madatsar ruwa ta gidan ruhubanawa, Kiristocin da suka keɓe kansu don ibada. Kafin Sufeto Nasr ya iso daga birnin Asyut, an riga an ɗaure wan mamacin, Bakhum, ɗaya daga manoman da ke noma filayen gidan.

"Shi ya fasa madatsar," in ji Abba Tadros, shugaban gidan. "Dokarmu, ba a sakin ruwa sai ranar idi. Gonakinmu su sha, sannan na manoma. Bana kogin Nilu bai cika ba, shi ya sa ya ƙosa."

Hukuncin gwamna a kan haka rataya ne, kuma gwamna ba ya son dogon bayani.

"Na yi ƙorafi, ranka ya daɗe," in ji Bakhum. "Amma ni na san ƙanena a busasshiyar magudana yake kwanciya don sanyi. Ni zan sakar masa ruwa?"

Sufeto ya duba fartanyar Bakhum. Busasshiyar laka ta kama ta tamau.

Ya nemi a buɗe ɗakin kayan aiki. Mabuɗin yana wuyan Abba Sawirus, tsohon da ke kula da gonakin gidan shekara arba'in.

"Yaushe rabon da a ɗauki wani abu nan?"

"Mako uku, ɗana. Babu aiki sai ruwa ya zo."

Fartanyoyi na jere a bango, duk sun sha ƙura, in ban da guda. Sufeto ya taɓa ƙotarta, da damshi.

"Baba, wa ke wanke fartanya ya mayar da ita mazauninta bayan ya yi ɓarna?"

Tsohon ya amsa masa.

"Wanda bai taɓa karya dokar wanke ta ba. Ni ne. In gonakinmu sun sha tukuna, ba abin da zai kai ga na manoma. Wallahi ban san Bisada yana cikin magudanar ba. Da aka kama Bakhum kuma, tsoro ya rufe min baki."

Abin ya yi wa Sufeto ciwo, amma ya sa aka tafi da shi.

Aka kwance Bakhum. A hanya ya tsaya bakin gonarsa, ruwa ya kwanta mata har iyaka.

"Za ta yi alkama bana," in ji Sufeto.

"Za ta yi," in ji Bakhum. "Wa zai iya ci?"