Bangon Falon Malam To

Auta ta tura ƙofar falon da ƙafa, jakar aiki na rataye a kafaɗarta, sai ta tsaya cak. Bangon da ta bari ruwan madara, yau ya koma kore shar!

"Innalillahi! Mai fenti, me zan gani haka?"

Mai fenti ya sauko daga tsani yana sosa ƙeya. "Wallahi Anti, ni umarni nake bi. Oga ne ya ce a mayar."

Oga dai shi ne mijinta, wanda tun yana yaro 'yan gidansu suka laƙaba masa Malam To, don bakinsa bai iya furta a'a ba. Wannan sanyin halin ne ya sa ta so shi, yanzu kuma shi ne yake neman ƙarar da ita.

Gidan tsohon fulat ne a saman bene, a nan mahaifinsa ya zauna har ya rasu. Tun da aka yi aurensu suke maƙale a ɗaki ɗaya a gidan Umma, mahaifiyarsa, suna jiran a gama gyara. Auta nas ce, wuni take cikin hayaniyar asibiti, don haka ba ta nemi tarkace ba. Bango ruwan madara, a goge daɓen katakon nan na da, doguwar kujera ɗaya, labule marar ado, fitila mai taushin haske, shi ke nan. Amma ina! Ta zaɓi launi ya ce to, Umma ta leƙo ya ce to, bango ya zama hawainiya. A gida kuwa Umma ta daina amsa gaisuwarta sai da ka.

Tana zaune a kan bokitin fenti Malam To ya shigo, yana murmushin marar gaskiya.

"Auta, ki yi haƙuri, don Allah. Gobe-goben nan za a mayar miki..."

"Jibi kuma a mayar wa Umma, ko?" Hawaye suka zubo mata. "Na gaji, wallahi na gaji. Ba fenti nake wa kuka ba. So nake in san ko ina da mijin da zai tsaya a kan magana ɗaya. In babu, gara in koma gidanmu tun muna ganin mutuncin juna."

"Haba, Auta! To, to, na ji..."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Ko faɗan ma ba ta da ƙarfinsa.

Da ta koma gida har ta jawo akwati ta buɗe, ta daɗe tana kallonsa, don ita fa tana son bawan Allahn nan. A ƙarshe ta rufe akwatin, ta nufi ɗakin Umma ta durƙusa.

"Umma, alfarma nake nema. Ranar hutuna mu je gidan tare, ni da ke da shi."

Umma ta taɓe baki. "Allah ya kai mu."

Ranar da suka je, bangon ya yi bororo kamar fatar da ruwan zafi ya ƙona. Garin sauri kada wata ta zo ta ga launin wata, Malam To bai taɓa barin shafe ɗaya ya bushe ba. Umma ta sa farce ta ja, sai ga fenti ya saluɓo, kore a kan madara, madara a kan kore.

"Ke kika riƙa sa a shafe launin babansu?" Umma ta tambayi Auta.

"Launin Baba? Wallahi Umma ban sani ba! Ce mini kawai ake yi kin matsa."

"Ni? Na matsa?" Umma ta juya ga ɗanta. "Kai, marar kirki! Cewa na yi babanku kore yake so, Allah ya jiƙansa. Kewa ce ta sa na faɗa! Ka ce to. Na dawo na tarar an shafe, na tambaye ka, ka yi ta inda-inda, na ɗauka yarinyar nan ce ba ta son ganin komai namu!"

Malam To ya sunkuyar da kai, gumi na tsattsafo masa. Auta ta share hawaye ta faɗa wa Umma dalilinta, yadda take dawowa kanta na sarawa, ba ta son komai sai wurin da ido zai huta. Jikin Umma ya yi sanyi. Sai ta ce, "To, a raba gardama. Rabi kore, rabi madara."

Auta ta dubi mijinta. Ta ga leɓensa ya tattaru yadda ya saba in zai ce to, ta runtse ido.

"A'a, Umma."

Har mai fenti sai da ya waigo.

"A'a," Malam To ya sake faɗa. "Ku yafe mini, ni na haɗa ku. Gidan Auta ne, yadda take so za a yi. Baba kuma addu'armu yake buƙata, ita ba za mu fasa ba."

Umma ta zuba masa ido, sai ta fashe da dariya, hawaye na bin kumatunta. Ta kamo hannun Auta ta riƙe gam.

"Alhamdulillahi! 'Yar nan, sai yau na aurar da ɗana."

Da hannunsa Malam To ya kankare bangon tas, aka bari ya bushe, aka shafa madara sau ɗaya tak. Ranar da suka tare, Auta ta zauna a doguwar kujerarta ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba, Umma na gefe tana hana kowa tashinta.

Mai son faranta wa kowa da "to", ƙarshenta kowa zai ɓata wa rai, gaskiya ɗaya cikin ladabi ta fi. Da Auta ta ja akwatin nan ta fita, da ta bar aurenta a kan laifin da surukarta ba ta yi ba. Mahaƙurci mawadaci.