Dutsen da Ya Narke

Tana ji tana gani dutsen ya fara narkewa.

Auta ta saki gwangwanin fentin feshi, ta dafe ƙirji. Dutsen na wani filin yaƙin wasa ne mai faɗin tebur, wanda Magini ya daɗe yana sassaƙawa da farin soson nan da ake tallafe firiji da shi a kwali. Shi ke gina tsaunuka da ganuwa, ita ke fentin 'yan sojojin roba da ba su kai ɗan yatsa ba. A shagon wasan nan suka haɗu, zuciya kuwa ta yi halinta.

Ga gasar filayen wasan jibi, ga dutse ya koma kamar kitse a kasko.

"Au, ba ki fara shafa masa farin gam ba?" in ji 'yar mai shagon, har da zaro ido. "Ai kowa ya san feshi cinye soso yake yi."

"Ke fa kika miƙo min, kika ce in ba shi mamaki..."

"Ni? Yaushe?"

Auta gwanar buroshi ce, amma soso ba faninta ba ne. Ita kuwa 'yar mai shagon ta jima tana haɗiyar yawu a kan Magini.

Sai ga shi ya shigo. Ya dubi dutsen, ya dube ta.

"Wallahi ban sani ba..."

"Je ki gida, Auta."

Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

A gida Mama ta ɗora nata. "Dama na faɗa miki. Ƙato da gemunsa yana wasa da 'yan tsana, shi ne mijin? Allah ne ya raba ki da wahala."

Auta kuwa son shi take yi, son da ba ta san ya kai haka ba sai yau. Saura kwamandan rundunar ba ta gama ba, ta zauna bakin taga ta ƙarasa shi da kumburarrun idanu. Da safe ta jera sojojin a akwati, ta tafi shagon don mayar masa da kayansa, kowa ya kama gabansa.

Ta tarar da shi riƙe da gwangwanin jiya, yana ƙara fesa wa dutsen da gangan.

"Me kake yi haka?"

"Tun yaushe nake neman ramin da zai yi kama da inda dodo ya yi aman wuta. Wuƙa ta kasa, ke kin yi shi a feshi ɗaya."

"Jiya fa korata ka yi."

"Bakina na ji tsoro, kar ya faɗi abin da zan yi nadama. Ki yafe min, abar ƙaunata. Na san ba kya taɓa feshi, na kuma san kantar da gwangwanin nan ya fito."

'Yar mai shagon ta tuna tana da shara a baya.

Ya buɗe akwatin, ya ɗaga kwamandan, ya kara masa gilashin ƙara girma. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan tabon na gira... ai nawa ne."

"Hannuna ne ya goce."

"Ya goce har da wushiryata?"

Ta rufe fuska da mayafi, dariya da kuka suka haɗe mata.

"Mama ta ce kai ƙato ne mai wasa da 'yan tsana."

"Ba ta yi ƙarya ba. Ki ce mata ƙaton yana nan zuwa gaishe ta, kuma ba zai tashi ba sai ta ba shi autarta." Ya miƙo mata buroshi. "Ramin nan yana son baƙi da ja. Wadda ta ƙona, ita za ta fente."

Ta karɓa, ta sunkuya kan dutsen, shi kuma ya ƙi ɗauke ido daga kanta.

A karo na farko tun da ta fara fenti, hannunta ya goce da gaske.