Muryar da Ta Riga Bakina

Ranar wata Laraba, bayan la'asar sakaliya, na ɗaure jakata a bayan babur zan bar Roni. Matata Zulaiha ta biyo ni har zaure.

"Malam, magariba fa ta kawo kai."

"Yanzu zan dawo," na ce mata, na tayar da babur na kama hanyar Kazaure.

Sunana Halliru. Gyaran kayan lantarki ne sana'ata, amma abin da ya fi shiga raina wata 'yar rediyo ce da ba ta fi tafin hannu ba. Ba ta da abin murɗawa. Da kwamfuta ake jona ta, manhajar da ke cikinta ce ke gaya mata tashar da za ta kama da yadda za ta fito da sauti. Wanda ya iya yana iya goge manhajar ya zuba tasa, kamar yadda ake yi wa waya filashin. Ni kuwa na iya, kuma na tsani a ce mini ban iya ba.

Aibinta ɗaya, jinkiri. Idan na yi magana a oba-oba, 'yar na'urar aika murya ta hannu, sai an yi daƙiƙa biyu kafin muryata ta fito ta cikinta. Na bi manhajar layi-layi har na gano dalili. Akwai inda take tara sauti kafin ta sake shi, ni rumbu nake ce masa, kuma an yi shi da girma fiye da kima. Na rage shi, jinkirin ya dawo rabin daƙiƙa. Da na gaya wa Haladu, abokina na Ɓaɓura mai irin wannan jarabar, sai ya yi dariya a waya.

"Nan ne iyakarta, Malam Halliru. Ko wanda ya ƙera ta bai wuce nan ba."

Da ya yi shiru da na haƙura. Mako biyu na yi ina fama, har na rubuta wata dabara: maimakon rediyon ta zauna jiran sauti, ta riƙa hasashen ɗan abin da zai biyo baya tana cike gurbin. A cikin gari ba ta gwaduwa, janareto da na'urorin sola sun cika iska da shuu. Shi ya sa na nufi wani dutse da ke gefen hanya, inda babu gida ko ɗaya.

Na aje babur a gindinsa na hau. Dutsen da sauran ɗumin rana. Iska na kawo ƙamshin sabon gero da warin kashin shanu. Can nesa wani makiyayi na kora garkensa gida, gyare kuma sun fara kuka. Na kafa eriya, na jona kebul, na zuba sabuwar manhaja. 'Yar fitilar rediyon ta mutu ta kawo.

Na danna oba-oba. "Gwaji, ɗaya, biyu."

Tare da bakina muryar ta fito. Babu jinkiri ko na ƙiftawar ido. Na daki cinyata don daɗi.

Na sake dannawa, na buɗe baki.

"Gwaji, ɗaya, biyu," in ji rediyon.

Ban ce komai ba tukuna. Sai bayan ta gama na ji kaina ina faɗa.

Ban tsorata ba, na ce guntun maganar farko ce ta maƙale a rumbu. Maganinta in faɗi abin da ban taɓa faɗa ba. Ina cikin tunanin me zan ce, rediyon ta yi gyaran murya, irin gyaran muryata.

"Haladu ya sha ƙasa."

Na yanke shawarar yin shiru in gani. Na haɗe leɓɓana. Sai maƙogwarona ya yi gyaran murya da kansa, bakina ya buɗe, ya ce Haladu ya sha ƙasa.

A lokacin na lura gyare sun daina kuka.

Ɗumin dutsen ya tafi. Wani wari ya taso, irin na toka idan an zuba mata ruwa. Yatsana ba ya kan oba-oba, amma a fuskar kwamfuta layin murya na nan ja, yana motsi.

"Sannunku da zuwa," in ji rediyon da muryata. "Ku matso."

Bakina ya maimaita.

A bayana tsakuwa ta motsa. Sannan wata a dama. Sannan da yawa, kamar mutane na gyara zama a tabarma. Ban waiwaya ba.

Sai rediyon ta yi magana a hankali, cikin fara'a, yadda nake yi idan ina kyauta.

"Na ba ku Sa'adiyya."

Ita ce 'yata ta fari, kuma sunan mahaifiyata ta ci. Shekararta goma sha ɗaya a duniya, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Uwa muke ce mata. Ko ranar da na kai ta makaranta, a takarda na rubuta na miƙa wa malamin.

Maganar ta taso mini daga ƙirji kamar amai. Na cire hulata na cusa a baki, na cije.

Na fisge kebul. Fitilar ba ta mutu ba.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya biyo bayan tsoron fushi ne. Sunan da na yi shekara da shekaru ina jin kunyarsa, shi wasu za su zo su ciro daga bakina a kan dutse? Da wace alaƙa? Ni na rubuta dabarar da ta sa rediyon ta riga ni. Kuskuren nawa ne, kuma na san hanyar da na bi na zo.

Na mayar da kebul. Sau uku ina kuskure ramin. Na nemo tsohuwar manhaja, mai jinkirin nan da na raina, na danna a zuba.

Kwamfuta ta nuna kashi goma.

In aka katse filashin a tsakiya, rediyo ta mutu ke nan. Ta mutu da waccan magana a matsayin ta ƙarshe, tana jiran bakina.

Kashi talatin.

Wani abu mai sanyi ya sauka a ƙeyata. Yatsu ne, dogaye. Numfashi ya taɓa kunnena.

"Faɗa mana," aka ce da raɗa. "Ai ka riga ka faɗa."

Na girgiza kai. Ina karanta Ayatul Kursiyyu a zuci, tana kuɓuce mini, ina komawa farko.

Kashi sittin.

Harshena na tura hular waje. Na danne ta da tafin hannu. Na ji ɗanɗanon jini.

"Bakinka ne. Muryarka ce."

Kashi tamanin da biyar. Ya tsaya.

Yatsun suka zagayo haɓata, suna jan muƙamuƙina ƙasa.

Casa'in.

Ɗari.

Fitilar ta mutu. Ta kawo.

Abin da ke ƙirjina ya sake ni. Na tofar da hular, na danna oba-oba da ƙarfi har yatsana ya yi zafi.

"Ban bayar ba," na ce. "'Yata ce. Ban ba kowa ba."

Shiru. Na ƙirga a raina. Ɗaya. Biyu.

"Ban bayar ba," in ji rediyon, a bayana kamar yadda ya kamata. "'Yata ce. Ban ba kowa ba."

Wani ya ja dogon tsaki a gefen kunnena. Tsakuwa ta yi ta gangarawa ta ɗaya gefen dutsen. Daga wani ƙauye can nesa na jiyo kiran sallar magariba, siriri. Na rungumi kwamfuta da rediyon na sauko da gudu, na bar eriya da takalmi ɗaya. Babur bai tashi ba sai a bugu na huɗu.

Kwana tara na yi muryata a dishe. Na goge dabarar hasashen nan daga duk inda na aje ta, amma rediyon ban jefar ba, kuma ba zan jefar ba. Har yau ina gyara ta, na rage mata shuu, na ƙara mata nisan ji. Ba da ita nake faɗa ba. Abin da dai ban gaya wa kowa ba, har Zulaiha, shi ne abin da na tarar a gida a ranar nan.

Na shigo ƙafa ɗaya ba takalmi. Zulaiha na alwala a tsakar gida.

"Ina Uwa?"

"Tana ɗaki. Lafiya, Malam?"

Na ɗaga labule. Tana zaune a ƙuryar gado, ta rungume gwiwoyinta, ta ƙura wa taga ido.

"Baba," ta ce a hankali, "ɗazu an yi ta kirana ta bayan katanga. Da muryarka. Ana cewa in fito mu tafi."

Na dafa bango. "Kin fita?"

"Har na sa takalmi." Ta ɗago ta dube ni. "Sai na ji an faɗi sunana. Na ce ai Baba ba ya faɗin sunana, na dawo na zauna."