Yadda Matuniya Ta Raba Ni Gida Huɗu

Dakta Nafi'u, kai ka sace mini ranata ka ba Lantana. Ban ce na'urarka ba, kai na ce, domin na'ura ba ta haifi kanta ba.

Kullum da hantsi hasumiyar nan da kuka kafa a Dandalin Tulu takan buɗe kamar furen kabewa, haske ya tashi sama ya zama mace mai tsayin bene goma. Ta ɗaga tulu ta rotsa shi a ƙasa, ƙarar ta cika Kwarin Gamji, har jiragen haya masu shawagi su rage gudu fasinja su leƙo. Sai murya ta ce wannan ita ce Lantana, wadda ta ja matan Unguwar Ƙasa ranar fasa tulu. Daga tagar ɗakina nake ganinta. Ko na juya baya, hasken sai ya shigo ya kwanta mini a tabarma.

Ban yi boko ba. Akwatin karɓar koke na bakin kasuwa nake faɗa wa yana rubutawa, kuma na ce masa kada ya sa wa maganata zuma.

Shekara hamsin da takwas ke nan da masu mulkin wancan lokaci suka juya bututun ruwa zuwa benayen Unguwar Sama, suka bar mu da famfo yana huci kwana goma sha ɗaya. Ni na bi gida gida na tara mata. Ni na shige gaba har ƙofar hukuma, na fasa tulun aurena a gaban mutum-mutumin ƙarfe masu gadi. Tsingaro ya yanke ni a diddige, tabon yana nan. Lantana fa? Takalmana ta riƙe mini. Da aka fara feshin hayaƙi, ita da takalman ban sake ganinsu ba sai bayan sati, kuma ƙafa ɗaya ta dawo da shi.

Shekara uku kuna yawo, kai da mutanen cibiyarku ta nazarin tarihi, kuna ɗaukar muryoyin tsofaffi, kuna tono faifan waɗanda suka rasu, kuna ɗura wa na'urar da kuka sa wa suna Matuniya. Da bakinka ka yi mini bayani. Ka ce ba ta da dangi, ba ta cin goron kowa. Tana sauraron shaidu dubu, ta ƙirga sunan da ya fi fitowa, wanda ya rinjaya shi zai hau hasumiya. Ka ce zamanin da mai mulki yake zaɓar gwarzo ya wuce.

To ga abin da ba ka tambaya ba. Sunana na yanka sunan Goggo ne, mahaifiyar mai unguwarmu, wadda ta karɓi haihuwar rabin unguwa. Babu ɗan halak a Unguwar Ƙasa da zai kama sunan nan da bakinsa. Manya suna ce mini Mai Sunan Goggo. 'Yan kasuwa, Mai Daddawa. Dangin mijina, Uwar Tanimu. Na bayana kuwa Yaya kawai. Aka tambayi shaidu wa ya fasa tulu, kowa ya faɗi sunan da yake kira na da shi. Matuniyarka ta ji suna huɗu, ta mai da ni mata huɗu, ta ce shaidu sun saɓa. Lantana kuwa baƙuwa ce a lokacin, ba mai jin nauyinta, yaro da babba Lantana, Lantana. Kuma duk mai ba da labarin ranar sai ya sako ta, saboda gudun da ta yi da takalma. Na'urarka ta ƙirga.

Na zo ofishinka, ka ba ni kujera mai laushi, ka ce gyaran mai sauƙi ne. Mutum ɗaya da ya ga ranar ya zauna gaban Matuniya ya faɗi sunana na yanka, ya ce ni ce matan nan huɗu. Nawa bakin ba ya shiga ƙirga. Amma kafin Alhamis, ranar rufe kundi, don daga nan ba mai sake taɓa shi sai bayan shekara ɗari.

Waɗanda suka ga ranar saura mu uku. Na kawo maka Hansai, tana dogara sanda. Ta zauna, ta buɗe baki, ta rufe, ta ja mayafi ta lulluɓe fuska.

"Yaya, ki yafe ni. Goggo ce ta yanke mini cibiya. In kama sunanta a gaban ƙarfe, ga kabari yana jirana?"

Mutanenka suna murmushi suna rubutawa, wai al'ada mai ban sha'awa.

Saura Lantana. Na haɗiye zuciya na je. Tana ƙarƙashin hasumiya, cikin kujera mai tafiya da kanta da hukuma ta ba ta, jama'a sun yi layin ɗaukar hoto. Ta yi ƙiba, an sa mata sababbin haƙora. Na ce mata ita kaɗai ce marar kunyar da ta taɓa kiran sunana gatsal, ranar da muka yi faɗa kan igiyar shanya, ta tashi ta je ta maimaita.

Ta dube ni tun daga diddige har ɗankwali. Ta sunkuyar da kai, ta sassauta murya.

"Haba Yaya. Ni in kama sunanki? Ai girma ya zo, na koyi kunya."

Shekara hamsin da takwas ba ta taɓa ce mini Yaya ba sai ranar.

Na ji an ce ka ce kishi ke damun tsohuwa. Kishi nake, sai me? Ba kujerar nake wa ba. Ƙarya nake, ita ma ina so. Amma kujera ba ta bin mutum kabari, suna kuwa yana tsayawa bayansa.

Na sa an karanta mini sauran sunayen da ke gindin hasumiya. Babu malamin da ya ɓoye mu a zaurensa, don Malam kawai ake ce masa. Babu ungozomar da ta ɗaure mini ƙafa. Na'urarka mai adalci ta tuna duk wanda ba a jin nauyinsa, ta shafe duk wanda aka girmama.

Kai ma fa a garin nan aka haife ka, Nafi'u. Na san gidanku, na san uwarka. Ranar Laraba da hantsi ina gindin hasumiya da tabona a buɗe. Ka zo ka ɗauki lasifika, ka faɗi sunan uwarka na yanka a gaban jama'a, kowa ya ji. In bakinka ya iya, na haƙura, Lantana ta ci ranata. In bai iya ba, ka kashe hasken nan, ka tsaya a wurin ka gaya wa Kwarin Gamji wa ya aike ka ka ƙirga mu da abin da kai ma ba ka iya faɗa.